Milimita Uku a Jirgin Baba

Jama'a, kafin ku taru a wurin sharhi ku yi mini ca, ku bari in faɗi laifina da bakina. Ni na yi. Ba iska ba ce, ba kuma kyanwar maƙwabta ba ce kamar yadda na so in ce da farko. Ni ce na ɗauki gam da hannuna na dama, saura ƙiris in manna kaina da mutumin da ko ƙarar motarsa ba na son ji.

Waɗanda yau suka fara biyo ni, ku matso in yi muku bayanin gidanmu, in ba haka ba za ku ce dukkanmu muna buƙatar ganin likita. A gidanmu ba a tambayar Baba ra'ayinsa. Jirgi ake dubawa.

Baba safiyo ne. Shekara talatin da biyar yana auna filayen mutane, da ya yi ritaya ya rasa abin aunawa sai ya dawo kanmu. Ya ƙwace teburin cin abinci na falo ya kafa teku a kai. Teku sosai nake gaya muku, da ruwan roba shuɗi mai daskarewa, da kumfa da ya yi da auduga da farin fenti. A tsakiya ga jirgin ruwa na katako irin na da, mai filafilan ƙyalle da iska ke turawa, tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsa. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jera katakon daben jirgin da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai kai tsinken ashana kauri ba. Igiyoyin, zaren ɗinkin Mama ne. Filafilan kuwa tsohon zanin gadonta ne da ya jiƙa a ruwan shayi don ya yi kama da wanda ya sha rana. Tun daga lokacin a kan cinya muke cin abinci. Kuma bawan Allahn nan ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: komai sai an rage shi sau hamsin, ba ƙari ba ragi. Har mu. Kowa a dangi yana da ɗan mutum-mutuminsa a cikin jirgin. Baba ba ya yi musu fuska, ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyin ba, don haka da abu biyu ake gane mutum: launin kayansa da tsawonsa. Shi ya sa bangon da ke gefen ƙofar falonmu ya cika da layukan fensir, kowane layi da mai shi, kuma akwai 'yar rular ƙarfe da ke kwana kusa da jirgin don masu gardama.

A ƙarƙashin ƙafar kowa akwai 'yar allura, a daben jirgin kuma akwai ƙananan huji, Baba na iya cire ka ya canza maka wuri duk sanda ya ga dama. To nan maganar take. Baba ba mai surutu ba ne. In ka yi masa laifi ba zai ce uffan ba, da safe kawai za ka fito ka tarar da kanka a bayan jirgi riƙe da bokiti. Mijin Yayata ya taɓa gaishe shi yana danna waya, sati biyu ya yi yana goge dabe. Ranar da Mama ta kayar da Baba a gardamar labule, washegari muka same ta a kan sitiyari. Gwaggo kuwa, yayar Baba, tun ranar farko tana can ƙololuwar sandar tsakiya, cikin kwandon masu hangen nesa. Ita a ganinta girmamawa ce, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayani.

Sannan duk dangi sun sani: kwana uku kafin Baba ya amince da auren Yaya aka wayi gari mijinta yana cikin jirgi. Baƙon namiji ba ya hawa jirgin nan sai in magana ta ƙare.

Ni kuma Auta ina can gefe, santimita uku cif, da ɗan mayafina ruwan ɗorawa, ni kaɗai kamar mai jiran mota.

Masu nemana biyu ne. Na farko Manaja, manajan wani gidan mai, ɗan ƙawar Gwaggo. Dogo ne zanƙalele, kullum cikin fararen kaya, turarensa na riga shi shigowa da minti biyar. Sau ɗaya ya zo zance, ya yi minti arba'in yana mini bayanin bambancin dizal da fetur har na fara jin warinsu a shayina. A ranar Gwaggo da kanta ta ja shi ta jingina da bango, ta danƙa wa Baba tef. Don kunyar yayarsa Baba ya auna, ya ja layi can sama ya rubuta: Manaja, mita ɗaya da tamanin da biyar. Bai dai sassaƙa shi ba, amma tun daga nan Gwaggo ke tafiya kamar an gama komai.

Na biyu kuma nawa ne. A gida Mai Haƙori suke ce masa, don aikinsa haɗa haƙoran roba ne a wani ɗan ɗaki bayan asibitin haƙori. Ni Likita nake ce masa, don in na faɗa har kunnuwansa motsi suke yi. Ina sonsa, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Yana ba ni dariya har cikina ya ƙulle, kuma shi kaɗai ne namijin da ya taɓa tambayata me nake so in yi da karatuna ya tsaya ya ji amsar. Gwaggo ba ta ƙaunar ganinsa. Shi ya haɗa mata haƙoranta biyu na gaba, kuma har yau ba ta yafe masa sanin sirrinta ba.

Sau biyu ya zo gaida Baba, ya durƙusa, ya yaba jirgi har da tambayar sunayen igiyoyi. Baba ya amsa masa da fara'a, amma bai ɗauko tef ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Litinin Gwaggo ta shigo da jakarta mai ƙaton zif da baƙin gilashinta, ta zauna a kujerar Mama ta ce, "Lahadin nan iyayen Manaja za su zo su ga gida."

Na ce, "Gwaggo, sayar da gidan za a yi?"

"Ki ci gaba da iya baki. Sa'o'inki suna goyo, ke kina nan kina bin mai ƙera haƙora."

Na dubi Baba. Yana can da gilashin ƙara girma a ido yana ɗaure wani zare, kamar ba a duniyar yake ba. Na dubi Mama, ta ɗauke kai ta shiga neman murfin fulas ɗin da ke hannunta. Na shige ɗaki, na faɗa gado, na tura wa Yaya saƙon murya mai minti shida, rabi kuka ne.

Amsarta ta zo cikin minti ɗaya. "Ke Auta, wani lokacin kamar ba a gidan kika tashi ba. Baba ya fara mantuwa, jiya ba gilashinsa yake nema ba alhali yana goshinsa? Ki sa Mai Haƙori ya ƙera kansa, ai sana'arsa ce. Ki ajiye shi kusa da ke. Baba zai ɗauka shi ya yi ya manta, kuma kin san ba zai iya cewa ya manta ba."

Yanzu da nake rubuta muku ina ganin wautar abin ƙarara. A lokacin kuwa, wallahi ji na yi kamar in sa Yaya a firam in rataye.

Na rubuta masa: "Likita, nawa ne tsawonka?"

Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya sake dainawa.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Riga zan ɗinka maka." Na sa fuskar dariya. "Gaya mini kawai."

"Ɗaya da tamanin da biyar."

Na ɗan tsaya ina kallon wayar. Ku fahimce ni, ni gajeriya ce, a wurina duk wanda ya wuce firij dogo ne. Kuma ban taɓa ganinsa babu hula da takalmi ba. Zuciyata ta ce, anya? Soyayya ta ce, ke rufe mana baki. Layin Manaja da ke bango kuwa ko kusa bai zo mini a rai ba, don ni ba na ɗaga kai in kalli wannan wurin. Na danna lissafi a waya na raba da hamsin, na yi masa bayanin shirin gaba ɗaya.

"Ka yi shi santimita uku da milimita bakwai. Ba fuska. Da farar rigarka ta aiki."

"Ko dai a rage kaɗan? Don kada ya fi ki tsawo da yawa."

"Ba ka san Baba ba. Ko milimita ɗaya ka rage zai gane."

Sai ya turo: "To."

Ranar Alhamis da la'asar ya kawo. Na fito cikin doguwar rigata ruwan toka mai aikin zare a hannu, da sabon mayafi, har da ɗan jan baki, kamar ba laifi za mu aikata ba. Yana zaune a kan babur ɗinsa bai sauko ba, ya miƙo mini ɗan akwatin da suke saka haƙoran mutane. Na buɗe. Ga shi nan kwance a auduga, fari tas, da 'yar aljihun gaba har da biro a ciki. Kai, ya yi kyau! Da robar haƙori ya yi shi, ya goge shi har yana sheƙi.

"Autar Baba, kin tabbata?" in ji shi. Goshinsa duk zufa.

"Kai dai ka je ka fara neman rigar angwanci."

Na ci sa'a Baba ya fita sayen fenti, Mama na kicin da rediyonta. Na lallaɓa falo a kan yatsun ƙafa. Sai da na ɗaga Likita da hantsakin Baba na tuna ban gaya masa maganar allura ba. Na tsayar da shi kusa da ni, ya faɗi. Na sake, ya kifa ya ture mijin Yaya. Na ji ƙarar get. Na zura a guje na buɗe durowar Mama na ɗauko gam ɗin nan da take manna hannun tukunya, wanda in ya taɓa yatsa sai da fata yake fita. Ɗigo ɗaya na yi niyya. Uku suka sauka. Na dasa shi a gefena, na tayar da mijin Yaya, na koma ɗaki ina haki.

Baba bai kalli jirgin ba a ranar, ciwon baya ya kwantar da shi da wuri.

Da safe ina wanke baki na ji ihu daga falo, irin wanda ake yi in an ga maciji ko an ci jarrabawa. Na fito da kumfa a baki. Gwaggo ce, ta yi sammako ta kawo labulen aro saboda baƙin Lahadi. Tana tsaye a kan jirgi, gilashinta a goshi, rular ƙarfe a hannu.

"Maman Auta! Fito ki gani! Allah ya karkato da Safiyo!"

Mama ta fito tana goge hannu. "Me ya faru, Gwaggon yara?"

"Namiji a jirgi! Fararen kaya! Uku da bakwai!" Ta ruga bango tana bin layuka da yatsa, tana lissafi da baki. Yatsan ya wuce ni, ya wuce Mama, ya wuce mijin Yaya, ya je can sama ya tsaya. "Manaja! Wallahi Manaja ne, ko gashi bai rage ba!"

Na haɗiye man goge baki.

"Gwaggo, ba shi ba ne, ai wannan rigar aiki ce, dubi biro..."

"Manaja ba ya rubutu ne? Kauce mini!"

Kafin in sake buɗe baki ta ɗauki hoto ta jefa a guruf ɗin dangi. Wayata ta fara kuka a ɗaki ba tsayawa. "Masha Allah." "Allah ya sanya alheri." "Auta an zama manya." Wata 'yar kawu da ko gaisawa ba ma yi ta turo zuciyoyi goma sha biyu. Mijin Yaya ya rubuta, "Barka da zuwa ɗan'uwa, ka kiyayi bokiti." Yaya kuwa, uwar shawara, ta turo mini a gefe: "Na shiga taro a ofis, zan kira ki." Har yanzu taron bai tashi ba.

Ina tsaye ina jin Gwaggo a tsakar gida tana waya da uwar Manaja. "Ƙawata, ai magana ta ƙare, ya hau jirgi! A'a, ba tafiya ya yi ba, jirgin Safiyo nake nufi."

Sai ga Baba ya fito da jallabiyarsa ta gida da kofin shayi. Ya ja kujerarsa, ya sa gilashin ƙara girma, ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ɗauki hantsaki ya ɗan taɓa kan Likita, bai motsa ba. Ya ƙara turawa, jirgin gaba ɗaya ya girgiza, Gwaggo ƙarama ta yi lilo a kwandonta. Ya ajiye hantsakin, ya kurɓi shayi.

Gwaggo ta dawo tana washe baki. "Safiyo, ka kyauta. Na san ba za ka kunyata ni ba."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kuma na san shi. Zai iya yin shirun nan har Lahadi, har a zo, har a sa rana, don kawai ya ga iya gudun ruwan wanda ya taɓa masa jirgi. Idona ya cika da ƙwalla. Tsoro na gaske ya kama ni, jama'a, ba na wasa ba. Na ga kaina shekara arba'in ina sauraron labarin dizal.

Na zube a gabansa. "Baba, ni ce."

"Na sani."

"Ba Manaja ba ne. Mai Haƙori ne. Ni na sa shi ya ƙera, ni na manna. Yaya ce ta ce za ka ɗauka kai ka yi ka manta."

Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Ni 'yasu!" Gwaggo ta nemi kujera.

Baba ya cire gilashin ya dube ni. "Auta, uwarki shekara talatin da biyu muna tare, ban manna ta ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ɗigo nawa?"

"Uku."

Ya rufe ido kamar an soke shi. "In na ɓamɓare shi, sai ya tafi da katako shida." Ya sake ɗaukar rula ya auna, a hankali. "Kuma wannan ba yaron nan ba ne. Sau biyu yana wucewa ta ƙofar nan. Idona bai mutu ba."

"Shi ya ce mini ɗaya da tamanin da biyar."

Gwaggo ta farfaɗo nan take. "To ai shi ke nan! Jirgi ba ya ƙarya. Uku da bakwai Manaja ne, ko wa ya manna. Tunda ba ya ciruwa, haka Allah ya so."

Baba ya ce, "A yanzu dai, Manaja ne." Sannan ya juyo gare ni. "Kira shi. Ya zo da kayan aikinsa."

Na ɗauko waya na rubuta masa: "Asiri ya tonu. Baba na kiranka yanzu. Ka zo da injinka. Kuma tsakaninka da Allah, nawa ne tsawonka?"

"Ina hanya."

"Ba abin da na tambaye ka ba kenan."

"Ina tuƙi."

Bayan rabin awa ya yi sallama. Tabɗijam! Ya ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto: riga ruwan sararin samaniya mai dogayen layuka daga sama zuwa ƙasa, hula doguwa da ya kafa a tsakiyar kai, da wani baƙin takalmi sau-ciki mai tudu da ban taɓa lura da shi da kyau ba sai ranar. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya gaida Gwaggo. Ta amsa da leɓe a rufe.

Baba ya buɗe durowa. Ya ɗauko tef.

Wata uku ina roƙon Allah in ga ranar nan, sai ga ta ta zo a haka.

"Jingina da bango, ɗana."

Ya jingina, ya miƙe wuya.

"Takalmi."

Ya cire. Ya sauko kamar an sace iskar tayar mota.

"Abin da ke cikin safa."

Ya dubi Baba, ya dube ni, ya sunkuya ya zaro wani soso mai kauri daga kowace ƙafa. Mama ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Hula."

"Ranka ya daɗe, hular ai..."

"Ba kai ba ce."

Ya cire. Baba ya ɗora rula a kansa, ya danne gashin, ya ce masa ya sauke dunduniya ƙasa, ya ja layi. Layin ya faɗo ƙasa da na mijin Yaya, sama da na Mama da kaɗan.

"Ɗaya da saba'in," in ji Baba.

Gwaggo ta tuntsire da dariya har da tafi. "Santimita goma sha biyar! Auta, rabin mijin naki a cikin takalmi yake!"

Na ji haushi, ba zan ce ban ji ba. Na harare shi na ce, "Me ya sa?"

Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo, hularsa a hannu. "Ranar da na fara zuwa na ga layin can sama, na karanta. Da kika tambaye ni, ban so in zo ƙasa da shi ba." Ya juya wajen Baba. "Ƙarya na yi, Baba. Ba ita ba ce, ni ne. Ban fi haka ba, kuma ba zan ƙaru ba."

Haushin ya bi iska. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in je in ƙwace rular in jefar.

Baba ya nuna jirgi da haɓa. "Wancan mutumin ya fi ka da milimita uku. Ba ya ciruwa. Ranar Lahadi iyayen mai wannan tsawon za su zo su gan shi tsaye kusa da 'yata. Kai ka ƙera shi. Ya za ka yi?"

Likita ya matsa ya sunkuya ya duba. Na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin wadda yake yi in yana kan aiki. "Zan iya rage shi a inda yake. Sai dai in an sare kai kawai zai zama ba wuya. Dole in sauko da kafaɗun, in fitar da sabon kai daga ƙasa."

"Igiyar da ke bisa kansa, kwana tara na yi ina ɗaure ta," in ji Baba. "In ka tsinka ta, ku biyun za ku fita ta ƙofar nan, kai da injinka."

Ya buɗe jakarsa ya fito da ɗan injin goge haƙori mai siririn baki, ya naɗe hannun riga. Ya roƙi Mama tsumma mai laima ya shimfiɗa a kan dabe, ya ce in riƙe masa fitilar waya. Injin ya fara kukan nan da ke sa mutum ya tuna duk zunubansa. Gwaggo ta kai hannu ta rufe bakinta ba ta sani ba.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutum tsaye ba takalmi, safarsa ɗaya da huji a babban yatsa, yana goge kan kansa a gaban surukin da yake nema. Farar ƙura na tashi kaɗan-kaɗan. Ya goge, ya hura, ya tsaya. Baba ya sa rula.

"Uku da shida."

Ya ci gaba. Hannunsa ko gezau. Ya ce mini a hankali, "Autar Baba, fitilar nake so a kansa, ba a fuskata ba." Na gyara.

"Uku da biyar."

Gwaggo ta matso. "Safiyo, ka bar shi haka mana, ai ya isa. A bar shi tsaka-tsaki, kowa ya samu."

Ba wanda ya kula ta. Bakin injin ya wuce ƙarƙashin igiyar nan har na ga zaren ya motsa. Mama na ta salati ƙasa-ƙasa. Ya zagaye sabon kan, ya sauko da kafaɗa, ya gyara wuya, ya kashe injin. Ya ɗauke tsumman. Ko ƙwarzane babu a daben.

Baba ya sa gilashi. Ya auna ta gaba, ya auna ta baya, ya ja igiyar da hantsaki ya ji tana nan daram. Ya ɗago.

"Uku da huɗu."



Gwaggo ta gyara mayafi. "To, tunda an gano ba Manaja ba ne, sai a san yadda za a yi a cire shi kafin Lahadi."

Baba ya fara naɗe tef ɗinsa a hankali. "Na gaya miki gam ɗin ba ya fita."

"To me zan ce wa ƙawata?"

"Ke da ke can sama kina hango komai, ba za ki rasa abin faɗa ba."

Ya miƙe, ya dafa bayansa, ya nufi ɗaki. Ni dai na zauna a hannun kujera da fitilar waya a kunne. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, bai juyo ba.

"Auta, ke da Yayarki gobe akwai bokiti biyu a bayan jirgi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kai kuma, ɗana, ka gaya wa mahaifinka ina son ganinsa gobe Asabar. Akwai sauran wuri a bangon."

Likita ya fita da takalmansa a hannu, ya manta sosonsa a kan kafet. Ni kuma na shige ɗaki na kifa fuska a filo na yi kuka na yi dariya, na rasa wanne ya fi yawa. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara. Likita ne.

"Autar Baba, na gode wa Allah. Amma akwai 'yar matsala."

"Wace iri kuma?"

"Takalman nan da kika gani, na Babana ne. Aro na yi. Kuma shi ko a asibiti ba ya yarda a cire masa."